Makarantar Yusufu: Girma a Kwanakin Wahala

Karatu: Farawa 37, 39–41, 50:15-21

Akwai gidajen da wannan mujalla za ta iske cikin damuwa: albashi bai fito ba, gona ba ta yi albarka ba, ko kuwa wani yana kwance a asibiti. Bari mu dubi rayuwar Yusufu ɗan Yakubu, mu ga abin da za mu koya.

Yusufu yana da shekara 17 sa'ad da 'yan'uwansa suka sayar da shi ga Isma'ilawa a bakin azurfa 20. Bai tsaya a gaban Fir'auna ba sai da ya cika shekara 30. Me ya yi da shekara 13 da ke tsakani?

Da fari, ya riƙe amana. A gidan Fotifar ya yi aikin bawa da zuciya ɗaya har aka danƙa masa dukan gidan. Da aka jefa shi kurkuku saboda ƙazafin matar maigidansa, can ma aka ba shi kula da 'yan sarƙa. Wanda zai riƙe rumbunan Masar a shekara 7 na yunwa, a waɗannan wurare ya koyi riƙo.

Na biyu, ya koyi jiran Ubangiji. Shugaban masu shayarwa ya manta da shi har shekara 2, amma da aka kira shi fassarar mafarki, Allah ya ba girma. Mahaƙurci mawadaci.

Na uku, bai bar ɗaci ya ci zuciyarsa ba. Bai ce abin da 'yan'uwansa suka yi daidai ne ba. Ya kira shi mugunta, duk da haka ya gafarta, ya kuwa ciyar da su da 'ya'yansu.

Mu lura, wahala kaɗai ba ta gyara mutum. Waɗansu sukan fito daga cikinta da taurin zuciya. Wanda ya manne wa Allah cikinta, shi ne yake girma (Romawa 5:3-5).

Tambayoyi don iyali:
1. Wane ƙaramin aiki ne Allah ya sa a hannunka yau, ko da kana cikin ƙunci?
2. Wane ne ba ka gafarta wa ba tukuna?

Addu'a: Ya Ubangiji, kada ka bari wahalarmu ta wuce a banza. Ka koya mana aminci da gafara, cikin sunan Yesu. Amin.