INA JIN MURYARKA, AMMA BAN GANE BA
Darasi a kan kunne da hayaniyar taro



Akwai wani abu da yake faruwa kowace Lahadi a harabar majami'unmu, wanda yawancinmu ba mu lura da shi ba. Da zarar an tashi daga Mas, sai jama'a su taru ƙungiya-ƙungiya. 'Yan Zumuntar Mata suna gefe ɗaya, matasa suna gwada ganguna, yara suna guje-guje, janareta kuma tana ta ruri a bayan gini. A tsakiyar wannan duka za ka ga wani dattijo tsaye, ana yi masa magana yana gyaɗa kai yana murmushi. In aka yi dariya shi ma ya yi. Amma da za ka ja shi gefe ka ce, “Baba, me aka ce?” da ya gaya maka gaskiya: muryoyi yake ji, maganar kuwa ta wuce shi.

Abin mamaki, wannan dattijo yana hira lafiya lau da jikansa a ɗaki da dare. Saboda haka mutanen gidansa sukan ce, “Yana ji sarai, abin da ya ga dama ne kawai yake amsawa.” Wasu su ce kunnen ƙashi gare shi, wasu su ce girman kai ne. Darasinmu na yau yana so ya nuna cewa wannan hukunci zalunci ne. Kasa bin zance a cikin taro yakan zama alama ta farko ta raunin ji, kuma nauyin gyaran yana wuyanmu duka.

1. AIKIN DA KUNNE YAKE YI A CIKIN TARO

Duk wanda yake zaune a Unguwar Dosa ya san tashar Kawo, inda ake lodin motocin Zariya, Kano da Katsina. 'Yan kamasho suna kiran fasinja, direbobi suna danna ham, masu talla suna shela, lasifikar mai sayar da magani tana amo. Duk da haka mai lafiyayyen kunne yakan tsaya a nan ya yi ciniki, har ya ji an kira sunansa daga nesa ya waiwaya. Mun saba da wannan har ba mu ɗauke shi abin al'ajabi ba, alhali kuwa aiki ne mai wuya ƙwarai.

Dukan waɗannan ƙararraki a cakuɗe suke shiga kunne, kamar hatsi da tsakuwa a faifai ɗaya. Suna kaɗa dodon kunne, daga nan wasu ƙananan ƙasusuwa guda 3 su miƙa motsin zuwa can ciki, inda akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, su ne suke juya motsin ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ce take yin tsintar. Tana lura da kunnen da ƙarar ta fara isa, ta haka take gane inda mai magana yake. Tana rarrabe kaurin murya da sirantarta. Tana kallon leɓunan mai magana, ta kuma cike gurbin kalmar da ta ɓace da abin da ta riga ta sani na harshen.

Wani masani a Ingila mai suna Colin Cherry shi ne ya shahara da binciken wannan al'amari a shekarar 1953. Ya sa wa mutane magana iri biyu a lokaci ɗaya, ɗaya a kunnen dama, ɗaya a na hagu, ya ce su bi guda. Sun iya bin wadda aka ce su bi, amma kusan ba su iya faɗin abin da ɗayar ta ƙunsa ba. Wannan ya nuna mana cewa sauraro a cikin taro aiki ne na zaɓe, yana kuma cin ƙarfin hankali. Shi ya sa mai raunin ji yakan dawo daga biki a gajiye kamar wanda ya wuni a gona.

2. ABIN DA YA SA MURYA KE ISA, MAGANA BA TA ISA

Sa'ad da shekaru ko yawan ƙara suka fara lalata ƙwayoyin nan na cikin kunne, waɗanda suke kama siraran sautuka ne sukan fara mutuwa. Kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Wasula irin su “a”, “o” da “u” suna da kauri da ƙarfi, don haka suna isa. Amma baƙaƙe irin su “s”, “f”, “sh” da “ts” sirara ne marasa ƙarfi, su ne hayaniya take fara haɗiyewa.

Mu ɗauki misali daga harshenmu. Kalmomin “fata” da “sata” wasulansu ɗaya ne, karin sautinsu ma ɗaya ne. Baƙin farko kaɗai ya raba su. Haka “fara”, “sara”, “shara” da “tsara” suke kusa da juna. A ɗaki mai shiru, mai raunin ji yana iya tsintar ɗan abin da ya rage na baƙin, ya haɗa da ma'anar zancen ya gane. A kasuwa kuwa wannan ɗan abin ya nutse. Ga dalilin da ya sa yake cewa mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Ga kuma dalilin da ya sa yi masa tsawa ba ya amfani: tsawa tana ƙara wa wasula ƙarfi, ta bar baƙaƙen a inda suke, ta kuma murɗe fuskar da yake karantawa.

Akwai wani abu kuma da yake ƙara dagula taro. Tun a shekarar 1911 wani likitan kunne a Faransa, Étienne Lombard, ya lura cewa mutum yakan ɗaga murya ba da saninsa ba idan wuri ya yi ƙara. To, idan kowa ya ɗaga tasa, sai ƙarar wurin ta ƙaru, kowa ya sake ɗagawa. Gini mai daɓen siminti, da bango sumul, da rufin kwano marar silin, yana mai da kowace kalma ta dawo ta hau kan wadda ta biyo ta. Da yawa daga cikin zaurukan taronmu haka aka gina su.

Wannan wahala tana samun matasa ma. Wanda ya yi shekaru a bakin injin niƙa, ko a shagon walda, ko kusa da janareta, ko kuwa yana toshe kunnuwansa da kiɗan waya dare da rana, yana iya fara ganin alamar tun bai kai shekara 40 ba.

3. GIRMAN MATSALAR DA MAFARINTA

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a kan ji a shekarar 2021, ta ce mutane fiye da biliyan 1.5 suna da raunin ji ko yaya, kuma kimanin miliyan 430 daga cikinsu suna bukatar taimako. Fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin da yake hana su harkokin yau da kullum. Hukumar ta keɓe ranar 3 ga Maris ta kowace shekara domin tunatar da duniya wannan batu.

Ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Hira ta yau da kullum tana kusa da desibel 60. Hukumar ta ce babba yana iya jure desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma idan ƙarar ta kai desibel 90, awa 4 kacal ke nan a mako. Ba kowa ke da na'urar awo ba, amma ga gwaji mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda yake nesa da kai kamu ɗaya ya ji ka, to wurin yana iya cutar da kunne. In kuma ka fito daga biki kunnenka yana ƙugi, ka sani an taɓa ƙwayoyin nan. A Nijeriya akwai dokar taƙaita ƙara wadda aka fitar a shekarar 2009 a ƙarƙashin hukumar kula da muhalli ta NESREA, amma doka ba ta isa inda maƙwabci bai ji tausayin maƙwabcinsa ba.

Ban da ƙara da tsufa, akwai cututtuka. Manyanmu suna tuna annobar sanƙarau ta shekarar 1996, wadda ta kama mutane fiye da 100,000 a arewacin ƙasar nan. Kurumta tana cikin abubuwan da sanƙarau yake bari ga waɗanda suka tsira. Haka ƙyanda, da hangum, da zazzaɓin Lasa, da ciwon kunne mai zubar da mugunya idan aka yi sakaci da shi. Wasu magunguna ma, irin su allurar jentamaisin da ta sitireftomaisin, suna iya lalata ji idan aka yi su ba bisa umarnin likita ba. Wani lokaci kuma matsalar ba ta wuce dauɗar kunne da ta toshe hanya ba, wadda ma'aikacin lafiya zai cire cikin 'yan mintoci.

4. ABIN DA AKE ASARA

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To, yaya wanda bai ji ba, kuma kunya ta hana shi tambaya? A layin asibiti mai cunkoso aka ce masa ya sha magani sau 2, ya ji wani abu dabam. A taron iyali aka yanke shawara a kan gona, ya gyaɗa kai bai san abin da ya amince da shi ba. Matarsa ta yi masa magana daga madafa, bai amsa ba, ta ɗauka raini ne. Sannu a hankali sai ya daina zuwa taron ƙungiya, ya daina zuwa biki, daga baya kujerarsa a majami'a ma ta zama wofi, mu kuwa mu ce bangaskiyarsa ce ta yi sanyi. Kaɗaici irin wannan yana cin mutum. A shekarar 2020 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa raunin ji cikin abubuwan da suke ƙara haɗarin ruɗewar tsufa, waɗanda kuma ake iya yin wani abu a kansu.

Bisharar Markus, sura 7, aya 31 zuwa 37, ta ba mu labarin kurman da aka kawo wa Ubangijinmu Yesu. Mu lura da abin da ya fara yi kafin ya taɓa kunnuwansa: ya fitar da shi daga cikin taron, suka keɓe su biyu. Warkarwa ba a hannunmu take ba, amma wannan mataki na farko kowannenmu yana iya ɗaukarsa. Waliyyi Faransis na Sales ma, wanda muke tunawa da shi ran 24 ga Janairu, ya koyar da wani kurma katakisim ta hanyar alamun hannu, shi ya sa Ikklisiya ta ɗauke shi majiɓincin kurame.

5. ABIN DA ZA MU YI

Ga mai magana:
(a) Ka fara jawo hankalinsa, ka tsaya a gabansa inda haske yake a fuskarka. Kada ka rufe baki, kada ka yi magana kana tauna.
(b) Ka matso kusa. A fili, duk sa'ad da ka rage tazara da rabi, muryarka tana ƙaruwa da kimanin desibel 6 a kunnensa.
(c) Ka yi magana a natse, kalma bayan kalma, ba da tsawa ba. In bai gane ba, ka sake faɗa da wasu kalmomi.
(d) Lamba, da kwanan wata, da kuɗi, da umarnin magani, a rubuta su.
(e) Kada ka taɓa ce masa, “Bar shi kawai, ba kome.” Wannan kalma tana rufe masa ƙofa.

Ga wanda abin ya shafa:
(a) Ka faɗa a fili cewa hayaniya tana hana ka ganewa. Ba abin kunya ba ne, kamar yadda sa tabarau ba abin kunya ba ne.
(b) Ka zauna a gaba, nesa da ganguna da janareta, ka juya lafiyayyen kunnenka wajen mai magana.
(c) Kada ka sa tsinken ashana, ko gashin kaza, ko wani ruwan magani da ba likita ya ba ka ba a kunne.
(d) Ka je a auna jinka. Mu mutanen Kaduna mun yi sa'a, gama Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1999, a cikin garin nan take. Awon ba ya da zafi. In ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, kada a jira, a tafi asibiti a ranar.
(e) Na'urar taimakon ji tana amfani ƙwarai, amma sai an auna an daidaita ta da kunnen mai ita, kuma sabo da ita yana ɗaukar makonni.

Ga majalisar Ikklisiya da ƙungiyoyi:
(a) A matsar da janareta nesa da gini. A rage ƙarfin lasifika. Ƙananan lasifikoki da dama a warwatse sun fi babba ɗaya mai amo.
(b) Masu karatu da masu sanarwa su rage sauri. A liƙa sanarwa a allo.
(c) A taron ƙungiya, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci ɗaya, a kuma maimaita abin da aka yanke kafin a tashi.
(d) A tanadi wuri mai shiru domin furta zunubi, inda mai raunin ji zai ga fuskar Fada in ya so, ba tare da an ɗaga murya har na waje su ji ba.
(e) A bikin aure da na godiya, kada a zaunar da yara da tsofaffi a gaban lasifika. A kai yara rigakafin ƙyanda da na sanƙarau a kan kari.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Wane ne a gidanmu ko a ƙungiyarmu ya daina zuwa taro, ba mu tambayi dalili ba?
2. Wace ƙara ce take fitowa daga gidana ko shagona wadda maƙwabtana suke jurewa?
3. Cikin abubuwan da aka lissafa a sama, wanne za mu iya farawa da shi kafin Lahadi mai zuwa?

'Yan'uwa, a wannan mako kowa ya nemi mutum ɗaya irin dattijon nan, ya ja shi inuwa nesa da hayaniya, ya zauna a gabansa, ya ba shi labarin abin da aka tattauna. Ubangiji ya buɗe kunnuwanmu ga Maganarsa da ga junanmu. Amin.