Amsoshin Tambayoyinku: Ina Tsofaffin Bas-bas na Gwamnati Suke Ƙarewa?

Tambaya: Ni direban bas ne a Zariya. Don Allah, idan manyan motocin haya na gwamnati suka tsufa a ƙasashen Turawa, yaya ake yi da su? Zubarwa ake yi?

Amsa: Ba a zubarwa, domin dukiyar jama'a ce, ko tsufanta ma kuɗi ne.

Bari mu ɗauki Amurka. A can, hukumar tarayya mai kula da sufurin jama'a, FTA, ita ke biyan kaso mafi tsoka na kuɗin sayen bas-bas na birane, galibi kashi 80 cikin 100. Don haka ta yanka wa'adi: babbar bas sai ta yi shekara 12 tana aiki, ko ta ci mil 500,000, wato kimanin kilomita 800,000, duk wanda ya riga cika. Birnin da ya rabu da motarsa kafin nan, sai ya biya tarayya ragowar haƙƙinta.

Idan wa'adi ya cika, mai sauran ƙarfi akan miƙa ta ga wata ƙaramar hukumar sufuri, ko a yi gwanjonta, yawanci ta intanet. In ta yi tsada, tarayya na da rabo a cinikin. Kafin a damƙa ta ga mai saye, za a kwance akwatin karɓar kuɗin mota da rediyo da kyamarori, a goge sunan birnin daga jikinta. Wadda ba ta samu mai taya ba kuwa, sai a tsiyaye mai da baƙin mai, a cire batir da taya da inji da giya, a sayar da gangar jikin bisa nauyi ga masu narka ƙarfe.

Wasu sukan buɗe sabuwar rayuwa. 'Yan Gwatamala kan sayi tsofaffin bas-bas na 'yan makarantar Amurka, su tuƙo su ta Meziko, su yi musu fenti mai walƙiya, su sa su haya tsakanin garuruwa. Birnin New York kuma, daga 2001 zuwa 2010, ya wanke tsofaffin taragon jirgin ƙarƙashin ƙasa sama da 2,500, ya cire gilasai da ƙofofi, ya nutsar da su a tekun Atlantika don kifaye su samu mafaka.

Mu ma a Najeriya, dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007 ta ce a ƙiyasta darajar kaya tukuna, sannan a sayar a fili, kowa ya taya. Asarar tana zuwa ne idan aka jingine mota a gareji damina biyu ko uku: taya ta sace ta tsage, ruwa ya shiga kujeru, a zare fitila yau, gobe batir. Motar da za ta iya komawa hanya sai ta ƙare a hannun 'yan gwangwan.

In kuma da niyyar saye ka yi tambayar, Malam, to a gwanjo ba a mayar da kaya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka shiga ƙarƙashinta da tocila, domin in daga Amurka ta fito, gishirin da ake watsa wa titi a can lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe. Sannan ka leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ka tambaya ko ana samun kayan injinta, kafin ka biya ko sisi.