Yadda Ake Shirya wa Tsohon Karen Gadi Hunturu a Minna

Ruwa kan ɗauke a Minna wajen ƙarshen Oktoba, kafin Disamba kuma hunturu ya shigo da ƙura da sanyin asuba. A wannan tsakanin ya kamata mai karen gadin da ya haura shekara 8 ya yi masa hidima, domin da kaka ne hatsi ke sauƙi, sanyi kuma bai kwantar da dabbar ba tukuna. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 farashi ya daina tsayawa wuri ɗaya, har aka tare hanya a Kpakungu da ke Minna a Fabrairun 2024 kan tsadar abinci. Wanda ya jira sai kare ya kwanta, kuɗin magani zai same shi ba shiri.

A fara da jikinsa. Damina kan bar kaska, sai a duba cikin kunne da tsakanin yatsu, a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a hankali, kada kanta ya karye a ciki. A ɗaga leɓensa a ga dasashi: in ya yi fari, jini ya ragu, sai likitan dabbobi. A tafiya ɗaya a yi allurar haukan kare ta shekara, a karɓo maganin tsutsar ciki, don kada kuɗin Keke Napep ya zama biyu. Daga nan makwanci. Siminti da asuba shi ke tayar da sanyin ƙashi, don haka a shimfiɗa katako, a ɗora buhu da tsohon bargo a lungun da iska ba ta bugawa. In ya fara ɗingishi kada a ba shi Panadol ko ibuprofen na kemis, suna iya lalata masa hanta da ƙoda.

Abinci kuwa a sayi masara ko dawa a kasuwar Kure tun da kaka, a adana inda ƙwari ba za su shiga ba. Haƙoransa sun ci zamani, sai a dama tuwo da romo ya yi laushi, a sa ƙananan kifi ko dafaffen ƙwai, kaɗan-kaɗan safe da yamma. Ban da miyar da ta sha albasa, ban da ƙashin kaza dafaffe. Ruwa kada ya yanke, hunturu na busar da jiki.

Wani zai ce yara ma da ƙyar suke ƙoshi, ina batun kare? Gaskiya ne yara ne a gaba, amma kusan duk abincin karen da shimfiɗarsa ragowar gida ne. Mai cewa a sallame shi a ɗauko kwikwiyo kuma ya lissafa: kwikwiyo na bukatar allurai a jere, zai yi watanni kafin ya bambance ɗan gida da baƙo, gidan kuwa ba gadi. Abin da ya rage shi ne asusun kuɗin magani. Duk mako a jefa ɗan canji, a bar shi har Maris, lokacin da zafin Minna ke kai maƙura, a sake wa karen makwanci a inuwa.