"Da sauƙi" a gaban likita

Na taɓa raka gwaggona asibiti bayan ta kwana uku ba ta runtsa ba saboda ciwon ciki. Likita ya ɗago kai ya ce, "Sannu Mama, yaya jikin?" Ta gyara mayafinta ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Da ban sa baki ba, da wataƙila an rubuta mata 'yan ƙwayoyi an sallame mu.

Gwaggo ba ƙarya ta yi ba, haka aka rene mu. Majinyaci ko yana kan gargara, amsarsa "da sauƙi". A bakin mai ladabi mutum rasuwa yake yi, ko a ce ya riga mu gidan gaskiya, akuya ce take mutuwa. Mace tana da juna biyu, in lokaci ya yi sai a ce ta sauka. Ina ƙaunar wannan kunya da tawakkali, kuma ba na so 'ya'yanmu su tashi babu su.

Sai dai likita da abin da aka faɗa masa yake aiki. Ka amsa gaisuwarsa yadda ka saba, sannan ka kawo masa lissafi: kwana nawa da farawa, amai sau nawa, an ga jini ko ba a gani ba. In dattijo ka raka, nemi izininsa tun a hanya cewa kai za ka yi bayani, don kada ya ji ka ƙaryata shi a gaban baƙo. Ka kuma kiyayi kalmar "ɗan" a wannan ɗaki. "Ɗan tari" na wata biyu ya wuce a kira shi ɗan.

A gida kuwa, "ɗan" ɗin nan zinariya ce. "Miƙo min ruwa" umarni ne, "ɗan miƙo min ruwa" roƙo ne, kuma matarka da yaron shagonka duk suna jin bambancin. Haka "ƙarya kake yi" take rufe ƙofar magana, alhali "anya kuwa? Ba haka na ji ba" tana ba mutum damar gyara zancensa ba tare da ya ji kunya ba.

Zuzutawa ita ma tana da nata kayan aiki. "Ya ci kuɗin" daban, "ya cinye kuɗin" daban, domin ta biyun tana nufin ko sisi bai rage ba. Kafin ka tura saƙo a WhatsApp cewa kasuwa ta ƙone ƙurmus, tabbatar ba rumfa biyu ce ta kama ba, domin akwai mai hawan jini da duk jarinsa ke cikin kasuwar nan.

Kalmar da ta fi ɓata zaman aure ita ce "kullum". Da ka ce "kullum sai kin makara da abinci", an bar zancen abinci ke nan, an koma gardamar ko kullum ne. Ce mata, "Jiya da shekaranjiya sai bayan isha muka ci, lafiya dai ko?" Wataƙila a nan za ka ji cewa gas ne ya ƙare tun ranar Talata.