DARASI NA BAKWAI: SUNAYEN INGILISHI MASU MA'ANAR WAREWA DA KEƁANCEWA

1.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an nuna cewa ma'ana ce abin da mai fassara yake bi. A wannan darasi za a gwada wannan ƙa'ida a kan wasu sunaye na Ingilishi 'yan gida ɗaya, waɗanda suka samo asali daga aikatau “exclude”. Dalilin zaɓen su shi ne, ɗalibai da dama da zarar sun ci karo da ɗaya daga cikinsu sai su rubuta “wariya” su wuce. Alhali kuwa wariya kalma ce mai nauyi a kunnen Bahaushe, domin tana ɗauke da zargin rashin adalci. Idan aka sanya ta a inda ba muhallinta ba, ana iya ɗora wa hukuma ko kamfani laifin da marubucin asali bai ɗora masa ba.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:
i. bayyana asalin waɗannan sunaye da ƙirarsu;
ii. rarrabe ma'anoninsu gwargwadon muhallin da suka fito;
iii. zaɓen kalmar Hausa da ta dace da kowane muhalli.

3.1 Asali da Ƙira

Aikatau “exclude” ya fito ne daga Latinanci, inda aka haɗa ɗafa-goshi “ex”, mai nufin waje, da aikatau “claudere”, mai nufin rufewa. Ma'anarsa ta asali ke nan ita ce a rufe ƙofa a bar wani a waje. Duk ƙofar da aka rufe kuwa tana raba mutane gida biyu, wato na waje da na ciki. Sunan “exclusion”, wanda aka ƙera daga aikatau kai tsaye, yana kallon wanda aka bari a waje. Su kuwa “exclusivity” da “exclusiveness”, waɗanda aka ƙera daga sifa “exclusive” ta hanyar ɗafa-ƙeya, suna kallon wanda ya rage a ciki shi kaɗai. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin darasin.

3.2 Ma'anonin “Exclusion”

Wannan suna yana sauya ma'ana gwargwadon fagen da aka yi amfani da shi.

A fagen zamantakewa, “social exclusion” na nufin a bar wasu mutane a baya wajen ilimi da lafiya da aikin yi da faɗa-a-ji. A nan Hausa tana da abin da ya dace sarai, wato mayar da mutum saniyar ware.

A fagen doka, kalmar tana nufin hani. Alal misali, a shekarar 1882 Amurka ta kafa dokar da ake kira “Chinese Exclusion Act”, wadda ta hana leburori 'yan ƙasar Sin shiga ƙasar, ba a kuma soke ta ba sai a 1943. Fassararta ita ce dokar hana 'yan Sin shiga ƙasa. Haka nan bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, an kwashe mutanen da ke zaune cikin tazarar kilomita 30 daga tashar, aka kira wurin “exclusion zone”, wato yankin da aka haramta shiga. An yi hanin ne domin kare lafiyar jama'a, saboda haka babu zancen wariya a ciki.

A makarantun Ingila, “permanent exclusion” na nufin korar ɗalibi kora ta dindindin. A takardar inshora kuwa, kalmar tana zuwa da jam'i, “exclusions”, tana nufin abubuwan da kamfani ya toge, waɗanda ba zai biya diyya a kansu ba.

3.3 Ma'anonin “Exclusivity” da Danginta

“Exclusivity” ta fi yawa a harkar ciniki da yarjejeniya. Idan masana'anta ta amince cewa ɗan kasuwa ɗaya ne tak zai riƙa sayar da kayanta a wata jiha, an ba shi “exclusivity” ke nan, wato keɓantaccen haƙƙi. “Exclusiveness” kuwa hali ne na wuri ko ƙungiyar da ba kowa ke shigarta ba, kamar unguwa ko makarantar masu hannu da shuni. A bakin mai talla yabo ce, a bakin mai suka kuwa zargin girman kai ce, don haka dole mai fassara ya lura da bakin da ta fito. Sau da yawa Turawa kan yi amfani da waɗannan sunaye biyu a madadin juna.

Ita kanta “exclusive” takan zama suna a aikin jarida, inda take nufin labari ko hirar da kafa ɗaya kaɗai ta samu. Akwai kuma “exclusivism”, wato aƙidar cewa tafarki ɗaya ne kawai yake daidai.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba da kyakkyawan misali na wannan ɓangare. A cikinsa akwai “Exclusive Legislative List”, wato jerin al'amuran da Majalisar Dokoki ta Ƙasa ita kaɗai ke da ikon yin doka a kansu, kamar tsaro da kuɗin ƙasa da kwastan da shige da fice. A gyaran da aka yi a 2023 an cire harkar jiragen ƙasa da ta gidajen yari daga wannan jeri, aka mayar da su jerin haɗaka, inda jihohi ma suke da iko. Wanda ya fassara sunan jerin da “jerin wariya” ya ɓatar da mai karatu, domin keɓantaccen iko ake nufi.

3.4 Sunaye Makusanta

Akwai wasu sunayen da ake yawan rikita su da waɗanda aka ambata. “Exception” ita ce togiya ko togaciya, wato abin da ya fita daga ƙa'ida ta gama-gari. “Exemption” kuwa ɗauke wa mutum wani nauyi ne da ya hau kan sauran jama'a, kamar haraji. “Segregation” ita ce ta dace da wariya, kamar wariyar launin fata da aka yi a Afirka ta Kudu daga 1948 zuwa 1994.

Hukumar yi wa ƙasa hidima, wadda aka kafa a 1973, tana bambanta biyu daga cikin waɗannan kalmomi a takardunta. Wanda ya haura shekara 30 a lokacin da ya kammala digiri ana ba shi takardar “exemption”, domin an sauke masa nauyin. Wanda ya yi digirinsa ta karatun da ba na cikakken lokaci ba kuwa, takardar “exclusion” ake ba shi, domin tun farko ba ya cikin sahun waɗanda ake kira. Malamin da ya ƙaro ilimi ta karatun lokacin hutu yana buƙatar sanin wannan.

3.5 Dabarun Fassara

Hausa tana da aikatau uku da suka shafi wannan fage, wato ware da keɓe da toge, tare da ƙananan kalmomi irin su “ban da” da “sai” da “kaɗai”. Abin lura shi ne, inda Ingilishi yake jibga ma'ana a kan suna guda, Hausa ta fi son warware ta. Dubi waɗannan misalai:

The exclusion of herders from the committee caused a quarrel.
Rashin sanya makiyaya cikin kwamitin ya jawo rigima.

He talks about football to the exclusion of everything else.
Ba shi da zance sai na ƙwallo.

Kafin ɗalibi ya zaɓi kalma, sai ya tambayi kansa: Wa aka bari a waje? Wa ya rage a ciki? Cutarwa aka yi, ko kariya, ko sauƙaƙawa?

4.0 Kammalawa

An ga cewa waɗannan sunaye tushensu ɗaya ne, amma kowane da inda ya fuskanta. Muhalli ne yake nuna ko hani ake nufi, ko kora, ko togiya, ko keɓantaccen haƙƙi. A ajiye “wariya” sai inda aka tauye wa wasu haƙƙi saboda launi ko jinsi ko asali.

5.0 Auna Fahimta

1. Bayyana bambancin “exclusion” da “exclusivity” tare da misalai biyu-biyu.
2. Me ya sa “yankin wariya” ba ta dace da fassarar “exclusion zone” ba?
3. Gina jimloli uku da kalmomin ware da keɓe da toge.
4. Tsara yadda za ka koyar da bambancin “exception” da “exemption” ga ɗaliban ƙaramar sakandare.