Saƙon da ya riga lokacinsa

Wani kamfanin da ke rarraba na'urorin POS ya kira mai wannan rubutu ya duba tsaron hanyar da ke tsakanin na'urorinsa da saba. Aka ce masa ya gaggauta, banki rahoto kawai yake jira. Da ya shiga tsakanin ɓangarorin biyu, sai ya cusa saƙon ChangeCipherSpec da zarar ServerHello ya wuce, tun kafin a yi musayar mabuɗi. Na'urar ta karɓa, sabar ma ta karɓa. Kowanne ya ƙirƙiri mabuɗansa daga babban sirrin da babu komai a cikinsa, bayanan cinikin gwaji kuwa suka fito a allo ƙarara.

Abin da ya fi ɓata masa rai amsar da aka ba shi ce. Mai haɗa manhajar ya ce ƙa'idar TLS ba ta hana ba. Manaja ya ce ai shekara da shekaru na'urorin suna aiki lafiya.

Wannan ɓaraka ba sabuwa ba ce. Masashi Kikuchi na kamfanin Lepidum a Japan ne ya gano ta a OpenSSL, aka bayyana ta ranar 5 ga Yunin 2014 da lamba CVE-2014-0224, wata biyu bayan ɓarakar Heartbleed, bayan ta yi kusan shekara 16 kwance a cikin lambobin. An toshe ta a sigar 1.0.1h. Na'urorin kamfanin nan har yau tsohuwar siga suke ɗauke da ita.

Mai manhajar yana da ɗan abin kamawa, kuma nan ne ciwon yake. Takardar ƙa'idar, RFC 5246, ta faɗi lokacin da mai aikawa zai tura ChangeCipherSpec: bayan an daidaita sigogin tsaro, kafin saƙon Finished. Sai dai saƙon ba ya cikin saƙonnin musabaha, nau'insa daban ne, ba a kuma sanya shi a lissafin da Finished ke tantancewa. Idan wani ya cuso shi da wuri, babu abin da zai tona asiri sai tsarin mai karɓa. Daga baya RFC 8446 ta TLS 1.3 ta zo a 2018 da zanen matakan musabaha dalla-dalla.

Shirun takarda ba izini ba ne. Saƙon da ya zo ba a gurbinsa ba, a yanke haɗin nan take. Kada a haɗa mabuɗi kafin sirri ya kammala. Gwajin da ke bin hanyar ƙwarai kaɗai ba gwaji ba ne: a hargitsa jerin, a maimaita saƙo, a tsallake wani. Kuma a sabunta OpenSSL, don Allah a sabunta.

Masu SSH ma kada su saki jiki. A Disambar 2023 masu bincike na Jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus suka nuna harin Terrapin, wanda ke wasa da lambobin jerin saƙonni yayin musabaha. OpenSSH 9.6 ta kawo gyara, amma ba ya aiki sai an sabunta ɓangarorin biyu.