Ka fara tambayar shekarunsu

Ɗana, na ji kuna gardama da abokanka a kan 'yan wasan hokin ƙanƙara, wane ya fi wane, kowa na jera maki. Maki ba ya ƙarya, amma ba ya faɗin shekarun wanda ya ci shi.

Dubi kakar 2005 zuwa 2006 a gasar NHL. Alex Ovechkin da Sidney Crosby tare suka shigo. Ovechkin ya tara maki 106, Crosby 102, kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa ta tafi hannun Ovechkin, kuma ya cancanta. Sai dai shi shekararsa 20, ya riga ya goge da manya a ƙungiyar Dynamo ta Mosko. Crosby kuwa shekararsa 18, fitowarsa ke nan daga gasar matasan Kanada. Wasa ne da ƙato zai taho a guje ya maka ka da katangar fili har gilashi ya girgiza, ka miƙe ka ci gaba. Yaron da kafaɗarsa ba ta gama cika ba, ya jure wannan wata shida, aka fi shi da maki huɗu kacal, ai dole ka jinjina masa.

Masu gasar ma sun san haka. Da Sergei Makarov ya karɓi wannan kyauta a 1990 yana ɗan shekara 31, sai aka sa doka: wanda ya kai 26 ba ya cikin takara.

In mutum biyu sun yi ƙwari, ɗaya 27 ɗaya 29, to kada ka kawo mini zancen shekaru, ka auna wasansu kawai.

Inda abin ya fi damuna shi ne wajen yara. A Kanada daga ranar 1 ga Janairu ake ƙidaya shekarar haihuwa wajen raba su rukuni-rukuni, sai ɗan Janairu da ɗan Disamba su faɗa rukuni ɗaya, alhali kusan shekara guda ke tsakaninsu. Koci ya ga wanda ya fi tsawo da ƙarfi, ya ce wannan ne mai baiwa. Shi za a ba ƙungiya mai kyau, shi zai fi daɗewa a kan ƙanƙara, har ya zo ya fi ɗin da gaske. Tun shekarun 1980 wani masani, Roger Barnsley, ya lura waɗanda aka haifa a farkon shekara sun fi yawa cikin manyan 'yan wasa. Ɗan Disamba kuwa, Allah sarki, sau da yawa tun yana ƙarami ake sallamarsa, kafin ƙashinsa ya kamo na abokansa.